Jawabi Ga Manoman Auduga Masu Tafiya Cin Rani Abijan

Yau maganarmu a kan lafiyar jiki take.

Da damina ba mai ce wa manomin auduga ya motsa jikinsa. Huɗa, da noma, da feshi, da tsinkar kaɗa sun ishe shi. To, amma in an kai auduga kasuwa, da yawanku kukan tafi Abijan neman kuɗi, waɗansu su sauka Ajame, waɗansu Tireshbil. Can sai mutum ya wuni zaune a rumfa tun safe har magariba, ya ci garba, ya sha shayi mai sukari, ya hau gbaka ya koma masauki.

Ku lura. A cikin jininku akwai waɗansu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, ana kiransu fararen ƙwayoyin jini. Su ne dakarun jiki, su ke kama ƙwayoyin cuta su kashe. In mutum ya yi tafiya da sauri, sai jini ya gudana, dakarun nan su fito da yawa su zaga ko'ina. In ya daɗe zaune kuwa, teɓa takan taru, ciwon sukari ya samu hanya. Mai ciwon sukari kuma tarin fuka ya fi saurin kama shi, miki ma yakan daɗe bai warke ba.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako. Wato minti 30 kullum, kwana biyar, shi ne mafi ƙanƙanta. Ga dabara: ka sauka daga mota tun ba ka kai ba, ka ƙarasa da ƙafa. Bayan sallar asuba ka zaga unguwa kafin rana ta yi zafi. Samari su buga ƙwallo da yamma.

Mai dako da mai tura amalanke, ku naku ya isa. Abin da kuke bukata barci ne isasshe, da abinci, da ruwa mai tsabta, don wahala ba hutu ita ma takan raunana jiki.

Amma kada wani ya ɗauka motsa jiki zai hana sauro cizo. Ku kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya zo, a huta, a tafi asibiti.

Gona tana jiranku da ruwan farko. Allah ya maido ku da ƙarfinku, amin.