Gero na da bazara, hannun jari ba shi da ita



Na ji ana shawarar mu ɗebi wani abu daga asusun ƙungiya mu sayi hannun jari ta waya. Kafin a ɗaga hannu, ku saurari abin da ya same ni.

Bara waccan na cire jika 40 cikin kuɗin bursata, na sayi hannun jarin wani kamfanin manhajar kwamfuta. Wata biyu ya ɗan hau, sannan ya kama gangara. Kullum bayan asuba, ko azkar ban gama ba, sai in buɗe waya in ga ja. In sayar, na tabbatar da hasara. In riƙe, barci ya ƙaura. Wallahi har haushin shugabannin kamfanin nike ji, mutanen da ba su san da ni a duniya ba.

Abin da ya riƙe ni lissafin gida ne. Mu nan Kiyeshe mun saba: a kaka tiyar gero arha take, ka kai rumbu, bazara ta yi ka fitar kasuwar Dogon Dutsi da riba. Ko farashi bai tashi ba, ka sha fura. To, hannun jari ba shi da bazarar da ke jiransa, kuma ba a dama shi.

Ku dubi Atos na Faransa, wanda ya riƙe aikin kwamfuta na wasannin Olamfik na Paris a 2024. Farkon 2021 hannun jarinsa guda ya haura Yuro 60. Ƙarshen 2024 bai kai santim ɗaya ba. Bashi ya kusan Yuro biliyan 5, aka mai da babban kaso nasa hannun jari, masu bin bashin suka zama masu kamfani. Waɗanda suka yi ta cewa "a yi haƙuri, zai dawo" suka tashi kusan hannu wofi.

Ga kuma inda na fi jin kunya. Hannun jari tarayya ce, kai ma mai kamfanin ne, har da bashinsa. Malaman hukumar AAOIFI ta Bahrain sun ce bashi mai riba kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa. Ni ban duba ba, bidiyo kawai na kalla.

Na sayar a watan azumi, na tsira da jika 17. Kuɗina ne, na haɗiye. Na asusu kuwa har da dala-dalar ƙannenmu mata masu tallan ƙosai a ciki. Duk wanda ya kawo sunan kamfani zaman gaba, ya taho da takardar bashinsa, mu karanta tare gaban malam.