Jawabi Ga Manoma: Dokar Daji Da Itacen Gona

Jawabin wannan wata a kan dokar daji ne. Tambayar ita ce: da me ake gane doka ta yi aiki? Da yawan tarar da aka karɓa, ko da yawan itatuwan da ke tsaye a gona? Abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar ya ba da amsa.

Tun a 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Bayan samun 'yancin kai, Nijar ta yi tata dokar a 1974, amma ba ta yi nisa da ta Turawa ba. Dokar ta sa wasu itatuwa, irin su gawo, a ƙarƙashin kariyar gwamnati, ko da a gonar mutum suka tsiro. Mai son sara ko sassaka sai ya nemi takardar izini. Wanda aka kama ba takarda, sai tara.

Niyyar dokar mai kyau ce, wato kada daji ya ƙare. Amma manomi ya yi nasa lissafi. Ya ga in ya bar tsiro ya girma, itacen ya fita daga hannunsa. Ranar da ya sare reshe don gyaran rumbu, ranar zai gamu da malamin daji. Sai ya ga gara ya kashe tsiron tun yana ƙarami. Kowace bazara akan yi sassabe, a tara, a cinna wuta, gona ta zama fili fetal. Iska ta riƙa kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka, har mutum ya sake shuka sau biyu ko sau uku. Mata kuwa suna tafiya mai nisa neman itacen girki. Ga doka a takarda, ga ma'aikata suna aiki, amma itace yana ƙarewa.

Aka yi fari mai tsanani a 1973, aka sake yin wani a 1984. A 1984 ɗin gwamnati ta kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A daidai lokacin akwai wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Toni Rinaudo yana aiki a yankin. Ya yi ta dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa a gonaki daga kututturan tsofaffin itatuwa suke fitowa, kuma saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ashe ba sai an yi dashe ba.

Aikin ba wuya. Manomi ya zaɓi kututture. Ya bar rassa mafi ƙarfi, kada su wuce 5, ya sare sauran da kaifin wuƙa ko gatari. Ya rage ƙananan rassan ƙasa, ya kare tsiron daga awaki da wuta. Cikin 'yan shekaru ya zama itace. Mutanen yankin suna kiran wannan aiki sassaben zamani.

Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci don su bar tsirran. Da rabon abinci ya ƙare, da yawa suka koma suka sare su. Dalili kuwa har yanzu ba su tabbata itacen nasu ne ba. Al'amari ya fara juyawa ne da ma'aikatan daji suka sassauta, aka yarda wanda ya raini itace a gonarsa ya amfana da shi ba tare da tara ba. Daga baya doka ta biyo. A 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan gonarsa. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji. A 2020 gwamnati ta fitar da wata doka musamman a kan renon tsirran gona, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar itacen da ya raina.

To, me aka gani? Masu bincike sun gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama da sababbi. Sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram. Hekta 1 ta kai kusan eka biyu da rabi. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki yana ƙara wa ƙasa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Kalgo da sabara suna ba da itacen girki a bakin gona.

Amma akwai sharaɗi. In an daina bin mutum da takarda, dole a sami mai zuwa ya duba sakamako. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin yankin Agye, mutane sun kafa kwamiti, har da mata da makiyaya. Kwamitin yana zagaya gonaki, yana hana satar itace, yana sasanta rigima. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan sharaɗi ya shafi har ƙasashe masu manyan kamfanonin katako. A ƙasar Kanada akwai wani lardi mai yawan daji, Biritish Kolambiya. A 1995 sun yi doka mai faɗa wa kamfani kowane mataki, har takardu suka yi yawa. A 2004 sabuwar doka ta fara aiki: gwamnati ta faɗi abin da take so a kare, kamar ruwa da ƙasa da namun daji, kamfani kuma ya tsara yadda zai cim ma haka. Amma a 2018 wani rahoto da gwamnatin lardin ta sa aka yi ya nuna sa idon hukuma ya yi rauni. Sakin linzami ba tare da dubawa ba yana da nasa haɗari.

Saboda haka aikin ya rabu uku. Na hukuma shi ne ta faɗi abin da take son gani a fili, ta kuma tabbatar wa manomi haƙƙinsa a rubuce. Na malamin daji shi ne ya koyar, ya zagaya, ya ƙirga itatuwa. Na manomi shi ne ya raini tsiro. Doka takan bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka kafin sara a tambayi mai unguwa ko ofishin daji na ƙaramar hukuma. Barin tsiro kuwa ba ya bukatar izinin kowa. Bana in an zo sassabe, kowa ya duba kututturan gonarsa kafin ya cinna wuta.

Allah ya ba da damina mai albarka. Wassalam.