Kurciya Mai Haƙora

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da takarda yana cewa sun yi gardama da abokansa a majalisa, wai akwai wata kurciya mai haƙora a duniya. Shi dai ya ƙaryata, har an sa goro. Yana so mu raba gardama.

To Malam, sai ka shirya sayen goro, domin abokanka sun fi ka kusa da gaskiya. Akwai wannan tsuntsuwa, sunanta manumea, kuma ba a samunta ko'ina sai a ƙasar Samowa, can tsakiyar tekun Fasifik, a dazuzzukan tsibirai biyu, Upolu da Savai'i. Tsawonta kamar santimita 31 ne, bayanta ja-ja, kanta baƙi-baƙi. Amma fa ba haƙora ba ne irin nawa da naka. Bakinta ne mai kauri, a lanƙwashe kamar na aku, kuma a ɓangaren ƙasa akwai 'yan tsaga-tsaga kamar na zarto.

Amfaninsu shi ne abinci. Ka san kurciyar gamji tamu, wadda ba ta damu da tsaba ba sai 'ya'yan itace. To ita ma haka take, sai dai 'ya'yan da ta fi so, na wata bishiya da mutanen can ke kira maota, suna da tauri ƙwarai. Da wannan baki take yanka su ta kai ga abin da ke ciki.

Masana suna mata laƙabi da ƙaramar dodo. A'a, ba dodon tatsuniya ba. Wani ƙaton tsuntsu ne dangin tantabara da ya rayu a tsibirin Morishiyos, ya ƙare ƙaf tun ƙarni na 17.

Abin takaici, ita ma hanyar da ta kama ke nan. An sassare daji don noma da katako. Sai ga guguwa biyu a jere, Ofa a 1990 da Val a 1991, suka kwantar da manyan itatuwan da take ci. Ga ɓeraye da kyanwoyin da suka koma daji suna bin ƙwai da 'ya'ya. Ga kuma maharba, waɗanda wata tantabara daban suke nema mai suna lupe, amma harsashi ba ya tambayar suna. A wajejen 1985 ana lissafa ta da dubbai, yanzu kuwa ana ƙiyasin manyan da suka rage ba su kai 250 ba. Da aka ɗauki hoton wata 'yar ƙarama a Savai'i a 2013, sai da labarin ya zaga duniya.

Ita ce tsuntsuwar ƙasar, hotonta na kan takardar kuɗinsu ta tala 20. Ka ga yawancin mutanen Samowa a aljihu kaɗai suka taɓa ganinta.

Idan an raba goron, Malam, a tuna da mu.