Littattafan da ke ba da labarin Nijar, da haƙƙin da ke kan wanda ya karanta su



Idan mutum biyu suka gamu a tashar Maraɗi ko a ƙofar wata ma'aikata a Yamai, abin da ke biyo bayan gaisuwa sananne ne: nawa tiyar hatsi, nawa ake canjin naira da sefa, an yi albashi ko ba a yi ba. Da wuya a ji ɗaya ya tambayi ɗan'uwansa abin da yake karantawa. Wannan tambayar da ba a cika yi ba ita ce maƙasudin jawabin yau, domin akwai dalilin da ya sa ta zama ta gaggawa. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aka mai da Faransanci harshen aiki. Alhali kuwa mafi yawan littattafan da suka ba da labarin ƙasar nan, na sarakunanta da kasuwanninta da siyasarta, da Faransanci aka rubuta su, da yawansu kuma a Paris aka buga su. Ke nan mai harshe yana gefe guda, labarinsa yana wani gefe.

Ɗan kasuwa ba jahili ba ne. Yana karanta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, yana rubuta lissafinsa da ajami ko da boko, kuma littattafan Hausa na Kano da Zariya sun daɗe suna ƙetare iyaka zuwa kasuwannin kudancin Nijar. Abin da ya rasa shi ne hanyar shiga littafin Faransanci. Ma'aikaci kuwa ya yi lakwal, ƙofar a buɗe take gare shi, amma tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa ya haura, littafi ya koma cikin kayan da ake jinkirta sayensu sai an biya haya da kuɗin magani. Saboda haka kwafi guda da ya shigo gari dukiya ce ta jama'a, ko da mutum ɗaya ne ya biya kuɗinsa.

Littafi na farko da ya kamata a ambata na ƴan kasuwa ne. Sunansa Les Alhazai de Maradi, wato Alhazan Maraɗi, wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya wallafa shi a 1986. Ya bi diddigin yadda attajiran garin suka taso: da fari suna saye wa kamfanonin Nasara gyaɗa a ƙauyuka, daga baya gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe fitar da gyaɗar, sa'an nan fari na 1973 da 1974 ya karya nomanta. Maimakon su durƙushe, sai alhazan suka juya ga fiton kaya zuwa Najeriya, irin su taba da atamfa, waɗanda ake sauke su a tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Marubucin ya tsaya sosai a kan abin da Bahaushe ke kira arzikin mutane, wato yadda ƙarfin uban gida ke rataye da yawan barorinsa da amanar da ke tsakaninsu, ko da babu takarda. Darasin da ke ciki bai tsufa ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa 2020, aka kuma rufe ta a 2023 har zuwa watan Maris na 2024. Saurayin da ya gaji kanti ya ɗauka wannan masifa a kansa aka fara ta, in aka karanta masa littafin zai gane cewa arzikin da ya dogara ga ƙofa guda kullum yana hannun wanda ke riƙe da mabuɗinta, zai kuma ga dabarun da iyayensa suka yi suka tsira.

Ma'aikaci ma yana da nasa madubin, har biyu. Na farko ƙagaggen labari ne, 15 ans, ça suffit!, wato shekara goma sha biyar ta isa, wanda ɗan jarida Amadou Ousmane ya fitar a 1977. Labarin wani babban ma'aikaci ne da aka gurfanar gaban shari'a bisa zargin karkatar da abincin taimako a lokacin yunwa. Wanda ya san cewa maganar wannan taimako tana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, ya san inda marubucin ya dosa. Sai dai mai ba da shawarar a karanta shi wajibi ne ya ƙara da cewa an buga littafin ne a zamanin Seyni Kountché, kuma marubucin ya yi aikin jarida a fadar shugaban. Wannan bai rage masa daɗin karatu ba, amma yana taimakon mai karatu ya san daga wace kusurwa aka hango mulkin da ya gabata.

Madubi na biyu ya fi ɗaci, domin bincike ne. État et corruption en Afrique, wato hukuma da cin hanci a Afirka, ya fito a 2007 ƙarƙashin jagorancin Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan, bisa binciken da aka yi a Benin da Nijar da Senegal. Masu binciken sun zauna a wuraren duwan da tashoshin mota da gidajen shari'a da wuraren ba da kwangila, suna kallo suna tambaya. Abin da suka nuna shi ne cewa cin hanci ya wuce halin mutum ɗaya marar tsoron Allah. Yana da dillalansa, yana da lafuzzansa masu laushi irin na goro da alheri, yana kuma samun ƙarfi daga matsin dangi da kariyar manya. Ma'aikacin da ya ƙi karɓa sau da yawa shi ake ɗauka marar zumunci. Amfanin littafin ga wannan taro shi ne bai wanke kowa ba: hannun da ke karɓa na ma'aikaci ne, hannun da ke miƙawa kuwa sau da yawa na ɗan kasuwa ne da ke son motarsa ta wuce kafin dare. Cibiyar bincike ta LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, ta ci gaba da irin wannan aiki, kuma da yawa daga rahotanninta ana samun su kyauta a intanet.

Sai littattafan tarihi, waɗanda na kowa ne. Mutanen Damagaram suna da littafin André Salifou na 1971 a kan sarautar Damagaram a ƙarni na 19, inda za su ga zamanin Sarki Tanimun, da ganuwar birni, da fataucin da ya haɗa garin da Kano da Tarabulus. Shi wannan malami, ɗan Damagaram, shi ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ya kuma rasu a 2022. Ya bar Histoire du Niger na 1989, wanda ya dace da mai son ya fara daga farko. Mutanen Tawa suna da littafin Djibo Hamani na 1975 a kan Adar kafin zuwan Nasara. Duka biyun sun dogara ga abin da suka ji daga bakin tsofaffi da maroƙa, wato ilmin da aka karɓa da Hausa, aka juya shi da Faransanci, har yau kuwa mafi yawan jikokin waɗanda suka ba da shi ba su iya karanta shi.

Babu littafin Nijar da ya kai Sarraounia na Abdoulaye Mamani suna. An buga shi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yana ba da labarin Sarauniyar Lugu da ta yi tsayin daka gaban rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, rundunar da ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu na wannan shekara, kafin sojojinta su hallaka shugabannin nasu biyu a ƙasar Tasawa a watan Yuli. A karanta shi, a karanta wa yara. Amma a gaya musu cewa ƙagaggen labari ne da aka gina a kan abin da ya faru: yaƙin gaskiya ne, maganganun da aka sa a bakin mutane kuwa na marubuci ne. Mamani ɗan Sawaba ne, ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya sha kaso bayan komowarsa gida, ya rasu a hatsarin mota a 1993. Mutumin da ya rayu haka, in ya rubuta labarin mace da ta ƙi miƙa wuya, yana magana ne a kan 1899 da kuma zamaninsa.

Labarin Sawaba kanta ya daɗe ana faɗinsa da raɗa. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana hira da tsofaffin ƴan jam'iyyar, ya fitar da littafinsa da Ingilishi a 2013, aka fassara shi da Faransanci a 2017 da sunan Le désir de calme. Ya bi labarin tun daga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, inda Djibo Bakary ya yi kira a ce a'a, zuwa haramta jam'iyyar a 1959, da yunƙurin ɗaukar makamai na 1964, da azabar da ta biyo baya. Ya nuna cewa ƙashin bayan jam'iyyar ƙananan mutanen birni ne: direbobi, teloli, ƴan tireda, ƙananan ma'aikata. Littafi ne mai kauri ƙwarai, ba a gama shi a mako guda. Wanda ya daure ya karanta shi zai ga abin da ke faruwa sa'ad da masu mulki suka ɗauki mai saɓanin ra'ayi abokin gaba, da abin da ke faruwa sa'ad da wanda aka toshe wa baki ya koma ga bindiga. Waiwaye adon tafiya ne.

Ba da shawarar littafi yana da ladubbansa. Na farko, kada mutum ya yabi abin da bai karanta ba, domin wannan daidai yake da dillalin da ke rantsuwa a kan buhun da bai buɗe ba. Na biyu, ya faɗi wanda ya rubuta, da shekarar da ya rubuta, da inda ya tsaya, tun da ɗan ƙasa da baƙo, da na cikin gwamnati da na gidan kaso, ba abu guda suke hange ba. Na uku, ya rarrabe wa mutane tarihi da ƙagaggen labari. Na huɗu kuwa yana kan mai aro: ya mai da littafi a ranar da ya yi alkawari, da bangonsa da shafukansa cikakku. Littattafai da yawa sun ɓace a garuruwan nan ta hanyar aron da ba a mayar ba, har masu su suka koyi kulle su a akwati, inda gara ce kaɗai ke amfana da su.

Abin da ya rage shi ne rabon aiki. Ma'aikacin da ya karanta babi guda da dare yana iya ba da labarinsa da Hausa washegari a fada, a bakin shayi, inda ake kashe sa'o'i a kan jita-jita. Wanda ya saurara zai yi masa gyara, domin sau da yawa dattijon da bai shiga lakwal ba ya san sunan rijiya ko na fatake da marubucin ya kuskure. Ɗan kasuwa kuma, wanda ya saba gina masallaci da haƙa rijiya don neman lada, yana iya ɗaukar nauyin fassara littafi guda da buga shi, bayan an nemi izinin masu haƙƙinsa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan mai hali ya tsaya wa ilmi: Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, shi ya tara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda suka zama tushen taskar da ke cibiyar IRSH a Yamai. An kuma fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar boko a Damagaram tun 1973, don haka masu iya karanta fassarar suna nan, masu iya yin ta ma suna nan.

Doka ta ba Hausa matsayi, amma doka ba ta fassara littafi. Wannan aiki ne na mai harshe biyu da mai dukiya, in sun haɗa kai, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a kai ga haka, duk wanda ke da ɗaya daga cikin littattafan da aka ambata ya fiddo shi daga akwati a wannan mako, ya rubuta sunansa a bango, ya miƙa wa maƙwabcinsa.

Allah ya ƙara wa kowa sani mai amfani, ya zaunar da ƙasa lafiya.