Neman Gurbin Bita ta Intanet: Kada a Bar Malamin Ƙauye a Baya



Abin da ya tara mu yau shi ne shawarar buɗe shafin intanet wanda malaman Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa za su riƙa neman gurbi ta cikinsa a bitoci da tarukan ƙara wa juna sani. Mun san yadda lamarin yake a takarda: guraben kaɗan ne, sanarwa kan isa makarantun cikin gari kafin na karkara, kuma na kusa da ofis ne ke cike jerin sunayen. Shafin da zai rubuta rana da sa'ar da kowa ya nema, ya kuma ba shi lambar shaida, zai rage son kai da zargi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarabawarta kan kwamfuta baki ɗaya, daga 2021 kuma babu rajista sai da lambar NIN. Mu kanmu ta intanet muke rajistar jarabawar TRCN.

Sai dai muna da darasin da ba kowa ke da shi ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu ukun, saboda ta'asar 'yan bindiga. Aka shafe watanni sai mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya kira waya. Duk tsarin da ya manta da wannan, ba domin mu aka gina shi ba.

Saboda haka muke gindaya sharuɗɗa huɗu. Na farko, shafin ya zama marar nauyi, mai buɗuwa a ƙaramar waya, a kuma bar ƙofar takarda a hannun shugabannin makarantu, sakatare ya shigar da sunan tare da ranar da aka karɓa. Na biyu, a raba guraben bisa mazaɓu, domin idan aka ce wanda ya riga shi ne ya samu, malamin Ruwan Godiya ko 'Yankara zai riƙa shan kaye a wurin mai ƙarfin sabis. Na uku, a tsare bayanai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta haka, kuma a yankinmu jerin sunayen malamai da lambobinsu da makarantunsu, in ya faɗa mugun hannu, rai ne zai shiga haɗari. Na huɗu, a sa kuɗin sabunta shafin na shekara-shekara a kasafin reshe, mabuɗinsa kuma ya kasance a hannun jami'ai biyu, kada sauyin wurin aikin mutum ɗaya ya rufe mana shi.

In an cika waɗannan, muna goyon bayan a fara. Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, Ya tsare makarantunmu.