Jawabi a Kan Ƙunar Daji: Mu Shirya Kafin Mu Kunna Wuta

Kaka ta yi, ciyawa ta soma bushewa, shi ya sa maganata yau a kan ƙunar daji take.

Da farko, mu tambayi kanmu ko wurin yana bukatar wuta. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Yawancin ciyawarmu, irin su kyasuwa, ta shekara ɗaya ce. In ta ƙone, ba ta sake fitowa sai ruwa ya sauka, kun ga ke nan an ƙone abincin shanu da tumaki na rani. Gamba ce ke tohuwa bayan wuta, ita ma a fara yanke ta don zana da jinka. Kada kuma toka ta ruɗe mu, gama yawancin ƙarfin da ganye zai ba ƙasa yana tafiya da hayaƙi.

In ƙunar ta zama dole, a yi ta da wuri, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, tun ciyawa tana da ɗan danshi. Wutar Fabrairu da Maris takan kashe ƙananan gawo da ɗorawa, ta bar ƙasa tsirara.

A sanar da mai unguwa, da malamin daji, da ardo, da maƙwabtan gona. A tabbatar an kwashe damman gero da dawa, da kara da harawa. A share hanya da fartanya kewaye da wurin, faɗin taku goma. A kunna da yamma, sa'ad da iska ta kwanta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka a soma daga kudu maso yamma, wuta ta riƙa ci tana fuskantar iska a hankali. Manya su tsaya da ɗanyen ganye da ruwa. Kada kowa ya tafi sai kututture na ƙarshe ya mutu.

Iyaye, ku kwaɓi samari masu cinna wuta don farautar gafiya da zomo. Kun san yadda zaman manoma da makiyaya ya yi tsami a Zamfara. Wuta ɗaya da ta ci rumbun maƙwabci tana iya jawo wa dukan ikilisiya fitina. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ubangiji ya ba mu hikima da zaman lafiya. Amin.