Larabcin allo da na titin Jidda

Mutumin Birniwa ya saba da harsuna. A kasuwar garin ana ciniki da Hausa da Barbarci da Fulatanci, kuma ba a rasa mai fassara. Shi ya sa Saudiyya ke ba shi mamaki.

Ƙasar Haɗejiya, inda Birniwa take, ta yi suna da gwanayen Alƙur'ani. Amma gwanin da ya haddace izu sittin yakan sauka a Jidda ya kasa gaya wa direban tasi inda za shi. Larabcin titi daban yake da na littafi, direban ma sau da yawa ɗan Pakistan ne ko Bangaladash. A kantin magani abin ya fi ciwo: dattijo na nuna ƙirjinsa da hannu, mai kanti na miƙo masa maganin mura.

A 2020 Hausa na cikin harsuna goman da aka fassara huɗubar Arfa da su. Madalla. Sai dai huɗuba yini ɗaya ce, alhaji kuwa makonni yake yi, mai aikatau kuma shekaru. Ya kamata malaman bita su riƙa ware lokaci don Larabcin asibiti da na tasha, kafin maniyyata su hau jirgi.